Mai Farfaɗiya Ma Tana Goyo

'Yan uwana mata, tun ina 'yar shekara 12 nake fama da farfaɗiya. A Tsamiya aka haife ni, cikin ƙasar Bagudo, daf da iyakar Binin. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har Segbana an ƙetara da ni wajen mai magani. Ciwon bai lafa ba sai da na riƙi ƙwayar asibiti safe da yamma.

Da na samu ciki, surukata ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye ƙwayoyin nan, kada ki lalata mini jika." Wallahi ba mugunta ta yi ba, tsoro ne. Ni kuma kunya ta hana ni musu, na ajiye. Cikina na wata 4 na faɗi a gindin murhu ina tuƙin tuwo. Tabon wutar yana nan a hannuna.

Maigida ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Likita ta ce yanke magani farat ɗaya shi ne babban haɗari, domin jijjiga mai tsanani kan rage wa jariri iska, faɗuwa kuma kan jawo ɓari ko zubar jini, har uwa ta rasa ranta. Ta ce tsoron Inna ma yana da tushe: akwai maganin da ake kira valproate, wanda cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi da ciki, kusan 10 kan zo da nakasa. Nawa ba shi ba ne, sai ta mayar da ni kansa, ta haɗa mini da folik asid. Shi wannan tun kafin ciki ya kamata a fara shi, don a watan farko ƙashin bayan jariri ke haɗuwa.

To kin ji, 'yar uwa. In kina da wannan lalura, ki ga likita kafin ki ɗauki ciki. Kada ki canza magani da kanki, kada ki sayi na kasuwar bakin iyaka don ya fi araha. Ki daina girki ko zuwa bakin Kwara ke kaɗai. Ki riƙi awo, ki haihu a asibiti.

Ku kuma mutanen gida, in ta faɗi ku kwantar da ita a gefen hagu. Ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura ruwa. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo. Mai ciki in ta yi jijjiga a kai ta asibiti, musamman in ta wuce minti 5, ko in ba ta taɓa yi ba, don hawan jini ma kan jawo ta.

Mata 9 cikin 10 masu irin ciwona kan haifi lafiyayyu. Tawa yanzu tana tatata, kuma Inna ce ke tuna mini lokacin shan magani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.