Na tafi Cadakori in tambayo: wanda ya gudo ba takarda, mai laifi ne?

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maradi. Ɗalibaina magidanta ne da dattawa, muna karatu bayan la'asar. Cikinsu akwai wani mai ƙoƙari ƙwarai, shi ne ya fara iya rubuta sunanshi ba tare da ya dubi allo ba. Bayan an ɗaure hatsi sai ya daina zuwa. Kwana goma ban gan shi ba. Na tafi gidanshi. Ya tarye ni a ƙofar gida, bai ce in shiga zaure ba. Da na matsa mishi sai ya gaya mini gaskiya. Wan matarshi ne ya zo da dare daga ƙasar Sabon Birni, can Najeriya, da matarshi da ɗiya huɗu. Ƴan bindiga ne sunka faɗa ma garinsu. Ba su da takarda ko ɗaya. Wani ya ce mishi a kasuwa wai mutanen nan sun shigo ba bisa doka ba, kuma wanda ya sauke su shi ma gidan kaso za shi. Shi ya sa ya ɓoye su a bayan gida. Ƙaramar ɗiyar tana ta zazzaɓi, an ƙi kai ta likita don tsoro.

Ban iya ba shi amsa ba, don ni ma ban wuce firamare ba. Na ce mishi ɗiya dai a kai ta likita yau, sauran magana zan tafi in tambayo inda anka sani.

Ran Asabar na shiga mota a tashar Maradi zuwa Cadakori, cikin ƙasar Gidan Rumji. Can ne akwai ɗaya daga cikin garuruwa uku da anka zaunar da ƴan gudun hijira. Sauran biyun su ne Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Tun ba mu fita gari ba gardama ta tashi, don na faɗi abin da ke kai ni. Wani alhaji ɗan kasuwa ya ce doka doka ce. Ya ce shi ya je Makka sau biyu, kuma in ba ka da fasfo da biza ko jirgi ba za ka shiga ba. Wanda ya ƙetare iyaka ta daji, ɓarauniyar hanya ya biyo, ko mi ya koro shi. Wata tsohuwa da ke riƙe da kaza ta ce: "Alhaji, in gobara ta kama ɗakinka, kana tsayawa sallama kafin ka faɗa gidan maƙwabci?" Mutane sunka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ni kuwa na yi shiru, don na ga kowanensu akwai abin dubawa ga maganarshi.

Munka wuce Tsibiri. Duk lokacin da na bi ta nan sai in tuna abin da tsofaffi ke faɗi. A 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, Gobirawa sunka watse, daga baya sunka kafa Tsibiri wajen 1836. Maradi ma haka, Katsinawa ne da sunka baro birninsu lokacin jihadi sunka kafa sarauta nan. Sabon Birni kuwa, inda baƙin ɗalibina sunka fito, wani ɗan sarkin Gobir ne, Ɗan Halima, ya tashi daga Tsibiri ya kafa shi. Iyakar da ke tsakani, Faransa da Ingila ne sunka shata ta, anka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Gulbin Maradi da ke gefenmu daga Najeriya ya fito, kuma bayan Gidan Rumji can shike komawa.

Na sauka Cadakori da hantsi. Wurin ƴan gudun hijirar ba shi da katanga, ba waya. In ba a gaya maka ba, sai ka ce sabuwar unguwa ce. Akwai ɗakunan ƙasa, akwai rumfunan kara, wasu an rufe su da leda mai kauri da rana ta cinye. Mata na layi a fanfo. Yara na fitowa daga lakwal, ba ka iya rarrabe ɗan gari da baƙo. Hausarsu ɗaya da tamu, Gobiranci ne tsantsa. Na ga mai ɗinki, na ga mai gyaran babur, na ga wata tana suyar ƙosai. Abin da ban gani ba shi ne garken shanu. Da na tambaya sai anka ce shanun su ne farkon abin da anka kore.

Mutanen nan sun fara shigowa da yawa a 2019. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wadda muke ce ma HCR, ta ce zuwa watan Satumba na shekarar nan sun wuce 40,000. A watan Afrilu 2020 kaɗai wasu 23,000 sunka ƙaru. Daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka fito. Da farko ƙauyukan bakin iyaka ne sunka sauke su, gida gida. Talakawa ne sunka fara buɗe rumbunansu tun kafin motar taimako ta iso. Wanga abu ya kamata a rubuta shi. Daga baya anka ɗebe wasu anka nisanta su da iyaka, don ƴan bindiga ba su san iyaka ba, suna biyo mutane har cikin ƙasarmu.

Na zauna da wani dattijo mutumin ƙasar Isa, ƙarƙashin bedi. Ya ce da magariba anka shigo garinsu bisa babura. Shi daga masallaci ya faɗa cikin dawa, ko takalmi bai ɗauka ba. Cikin daji ya haɗu da matarshi da jikoki biyu. Kwana biyu suna tafiya. Na ce: "Baba, takardunka fa?" Ya dube ni ya ce: "Malam, wace takarda? Katin zaɓe gare ni, shi ma ya ƙone cikin ɗaki. Ni ban san ma lokacin da na ƙetare iyakar ba, sai da na ga kuɗin saifa hannun mai shayi." Sannan ya zaro wata takarda daga cikin leda, mai hotonshi da sunayen iyalinshi. Ita anka ba shi bayan an rubuta sunanshi an ɗauki hoton yatsunshi. Ya riƙe ta juye. Na gyara mishi, na karanta mishi sunanshi.

Bayan azahar na samu wani ma'aikaci daga cikin masu rubuta sunaye. Yaro ne mai haƙuri. Na gaya mishi gardamar cikin mota, na ce shi warware mini da Hausar da zan iya kai ma ɗalibaina. Ga abin da na fahimta, ku karanta sannu sannu.

Baƙo iri biyu ne. Akwai wanda ya zo fatauci ko cin rani ko ziyara. Shi dole shi zo da takardunshi, shi bi ta ƙofar da hukuma ta sani. Nan alhaji ya yi gaskiya. A watan Janairu 2025 ma an fito da sabuwar doka da ta ƙara tsananta shigar baƙi da zamansu cikin ƙasarmu. Mutumin Najeriya ba a neman biza gare shi tun yarjejeniyar CEDEAO ta 1979. Ko da Nijar ta fita ƙungiyar a 2025, an ce su ci gaba da shigowa ba biza. Amma ana neman takardar shaida.

Na biyu shi ne wanda ya gudo da ranshi. Shi dokarshi daban take. A 1951 ƙasashen duniya sunka yi yarjejeniya a birnin Janeba bisa ƴan gudun hijira. Nijar ta shiga cikinta a 1961, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai. Sashe na 31 ya ce kada a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba izini, in ya cika sharaɗi uku. Shi zamana daga wurin haɗarin ya taho kai tsaye. Shi kai kanshi ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Shi kuma faɗi dalili mai ƙarfi da ya sa ya shigo haka. Sashe na 33 ya ce kada a maida shi inda za a kashe shi ko a ɗaure shi bisa zalunci.

A 1969 shugabannin Afirka sunka taru a Adis Ababa sunka yi tasu yarjejeniya. Ita ta ƙara faɗi. Ta ce wanda ya gudo saboda yaƙi ko babbar fitina da ta rikita ƙasarshi, ko da wani yanki ne na ƙasar, shi ma ɗan gudun hijira ne. Ta ce ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada ƙasar da anka gudo daga gare ta ta ɗauke shi gaba. Ita ce kuma ta ce a zaunar da su nesa da iyaka, dalilin Cadakori ke nan. Nijar kuma tana da dokarta ta 1997, da kwamitin gwamnati mai duba wanda ya cancanta.

Na ce mishi to ai yarjejeniyar da kanta ta ce sun shigo ba izini. Ya ce haka ne. Ba a ce sun bi ƙa'ida ba, an ce ba a hukunta su. Neman mafaka ba laifi ba ne. Ya ce in duba, ina ake ba da biza? A ofishin jakada, cikin babban birni, bayan ka kai fasfo da kuɗi ka jira. Kuma yawancin ƙasashe ba su da wata biza ta mai gudun mutuwa. In an ce sai mai biza za a karɓa, to ba za a karɓi kowa ba.

Ya ba ni misalin Agadas. Daga ƙarshen 2017 mutanen Sudan, da yawansu ƴan Darfur, sunka riƙa isowa can daga Libiya, ba fasfo ba biza. Su ba a karɓe su a dunƙule ba kamar yadda anka yi ma mutanen Mali a 2012. Ɗaya ɗaya ake sauraren kowa. Kafin a yanke, sunanshi mai neman mafaka, kuma ba a korar shi. In an yarda, ya zama ɗan gudun hijira. In an ƙi, shina iya ɗaukaka ƙara. In an sake ƙi, ya koma baƙo kamar kowane baƙo, dokar baƙi ta hau kanshi. Wanda kuma anka tabbata ya yi babban laifi irin na kisan jama'a, yarjejeniyar ba ta rufe shi ba. Shi ma wanda anka karɓa dole shi bi dokar ƙasarmu.

Ni a ganina alhaji ya ɗauki dokar matafiyi ya aza ma wanda ba tafiya ya yi niyya ba. Amma tsohuwa ma ba ta ƙarasa maganarta ba. Wanda gobara ta jefa gidan maƙwabci, in ya huce, dole shi nemi mai gida shi ce ga ni. Nan ne ɗalibina ya yi kuskure. Ɓoyon da ya yi shi ne ke ɓata ma baƙinshi sharaɗi na biyu. Kowace rana ta wuce, tana ƙara wuyar bayani.

Kada in ɓoye muku, ba kowa ke murna ba. Da la'asar na zauna da ƴan gari a bakin hanya. Wani ya ce itacen wuta ya yi nisa, mata sai sun yi rabin yini. Wani ya ce kuɗin ƙwadago ya faɗi, don baƙo na karɓar ko nawa ne. Wani kuma ya rage murya ya ce wa ya sani ko cikinsu akwai masu kai ma ɓarayi labari. Su baƙin kuma sun ce taimakon abinci ya ragu ƙwarai, gonar aro ba ta isa. Duk na ji, kuma ban ga maƙaryaci cikinsu ba. Sai dai maganar masu kai labari, na ce ma mutumin ai wanda anka ɗauki hotonshi da yatsunshi ya fi sauƙin sani da wanda ke ɓoye bayan danga. Ya ce haka ne, amma fanfon da anka gina ma ba ya isar mu duka. Wani ya ce mishi da can ai rijiya ɗaya gare ku. Nan ma gardama ta tashi, na bar su don motata ta zo.

Na iso gida bayan isha'i. Da safe na tafi wurin ɗalibina. An kai ɗiyar likita, masassarar cizon sauro ce, an ba ta magani, ba wanda ya tambayi takarda. Na karanta mishi abin da na rubuto cikin littafina. Da na zo ga sharaɗi uku sai ya karɓi littafin ya karanta da kanshi, da ƙyar, yatsa bisa layi. Ya kira surukinshi, munka tafi gidan mai gari mu uku. Mai gari ya yi faɗa don ba a gaya mishi da wuri ba. Sannan ya sa anka rubuta sunayensu su shida, ya ce ran Litinin shi da kanshi za shi kai su ga hukuma.