Hasumiyar Agadas a ɗakin Kaka

Kakarmu ba'agadashiya ce, aure ya kawo ta Kano. A ɗakinta, sama da jeren tasoshi, akwai zanen babban masallacin Agadas da wani mai fenti ya yi a kan katako. Tun ina haddar izifin farko nake kallonsa.

Mai zanen bai damu da gari ba. Gidajen ya shafa su kawai, ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa. Hasumiyar ya tsaya wa: faɗi daga ƙasa, tana tsukewa har ƙoli, ga itatuwan nan da suka tsittsiro daga jikinta, waɗanda magina ke takawa in za a yi yaɓe. Gefen da rana ta bugi ginin ruwan goro ne, ɗaya gefen ja mai duhu kamar hanta. Kowane itace da 'yar inuwarsa doguwa a karkace, da gani ka san la'asar ta yi sakaliya. Sama kuwa babu shuɗi ko ɗigo. Toka ce da rawaya a cakuɗe, hazon hunturu sosai, har ƙolin hasumiyar ya fara ɓacewa a ciki. Mutum ɗaya tal ya saka a gindinta, da rawanin baba, ya juya baya.

Kawunmu ya raina aikin, wai mai fentin ya bar sama da dauɗa. Kaka ta kalle ni ta ce, "Maigida, rabu da kawunka. Wannan iskar ta lokacin da ayari ya tafi Bilma ɗauko gishiri ce. Gari ba maza, sai jira."

Da na girma na karanta cewa wajen 1515 aka gina masallacin, aka sake ginin a 1844, kuma hasumiyar, wadda laka ce zalla, ta kai mita 27. Tun da UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013 hotunanta suka cika intanet, yawancinsu da sama shuɗiya tas. Suna da kyau, kuma sun fi zanen daidaita tsayi da kusurwa. Amma ni ina bayan mai fentin nan ɗari bisa ɗari. Ya san akwai watannin da ƙura ke shiga tsakanin ido da gini, ya kuma san kewar da ke zuwa da su. Kaka ba ta taɓa ce masa hoton masallaci ba, garinmu take cewa.