Komai Nisan Jifa

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne mai ƙasƙantar da girman kai. Ramin da ake nema faɗinsa milimita 108 ne kacal, ramukan guda 18, sandunan da doka ta yarda mutum ya ɗauka ba su wuce 14 ba. Da jin wannan sai mai karatu ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Ni kuwa da na shafe shekaru ina bin ƙwallon nan duk ranar Asabar, na ga dattawa masu furfura, waɗanda ba a taɓa jin muryarsu a taron jami'a ba, suna jifa da sanda saboda ƙwallo ta faɗa ruwa.

Abin da ke kwantar mini da hankali a ranar da hannu ya ƙi shi ne tuna gwanaye. A shekarar 1999, a filin Carnoustie na ƙasar Sikotilan, Bafaranshe Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe yana gaba da bugu uku. Bugu shida sun ishe shi ɗaukar kofi, amma sai da ya yi bakwai, har ya tuɓe takalma ya shiga rafi yana duban ƙwallonsa. Daga bisani Paul Lawrie ya tafi da kofin. A 2020 kuma, a gasar Masters ta Amurka, Tiger Woods ya yi bugu goma a rami na 12 inda uku ake tsammani, ya jefa ƙwallo ruwa sau uku. Maimakon ya karaya, sai ya ci biyar daga ramuka shida da suka rage da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida. In gwani ya sha irin wannan kashi, ina ga malamin adabi mai wasan mako-mako?

Darasin Woods shi ne wanda nake nanata wa ɗalibaina game da rubutu: baitin da ya karye ba ya hana na gaba tsayuwa. Kowane rami lissafinsa daban, kuma fushin da aka ɗauko daga na baya shi ke ɓata na gaba, domin kafaɗar da ta ɗaure ba ta iya lilo.

Ban da haka, takardar maki ba ta rubuta komai game da raɓar asuba, ko tafiyar kilomitoci a ƙasa, ko hirar aboki wadda ofis ba ya bari a yi. Wanda ya koma gida yana ƙunci saboda maki ya yi asara biyu, ta wasa da ta yini. Iyalinsa ne kuma za su biya bashin da ba su ci ba.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, in ƙwallo ta shige daji, ka yi dariya ka bi ta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sannu kuma ba ta hana zuwa.