Takardar da na rubuta sunan Kaka

Hidimar ƙasa ce ta kai ni Aba a 2005. Aka tura ni koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, aka ba ni ɗaki a bayan azuzuwa mai yoyo ta kusurwa biyu. Wata Asabar ina wanki sai ga samari biyu: farar riga, lakataye, baƙin allon suna a ƙirji, takalma duk taɓo. Ɗaya mutumin Ghana, ɗaya daga Kalaba. Kowannensu ana ce masa Elda, wato dattijo, alhali na girme su duka biyun. Abin ya ba ni dariya, kafin in gama dariyar kuwa sun samu wurin zama a kan bencina.

Ni ɗan mai bishara ne, daga wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina. Da Littafi Mai Tsarki aka yaye ni, don haka na zauna ne da niyyar in kayar da su. Suka ba ni labarin Joseph Smith, yaro ɗan shekara 14 a yankin Palmyra ta jihar New York, wanda a 1820 ya shiga kurmi ya yi addu'a, ya fito yana cewa ya ga Uba da Ɗa. Daga baya mala'ika Moroni ya nuna masa alluna na zinariya binne a wani tudu, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830. Na ce to ina allunan? Suka ce mala'ikan ya karɓe abinsa. Na yi murmushin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Sai mutumin Ghana ya ce, "Ɗan'uwa, allunan Musa fa, suna ina?" Na buɗe baki na rufe. Suka bar mini shuɗin littafi suka tafi.

A daminar nan aka gama ginin haikalinsu na Aba, na farko a Najeriya, kuma al'adarsu ce su bar kowa ya shiga kallo kafin a keɓe shi. Na bi layi don in kashe ƙwarƙwatar ido. Aka sa mana leda a takalma. A wani ɗaki na ga kwarmin baftisma ɗore a bayan siffofin bijimai 12, mai yi mana jagora ya ce nan rayayye yake shiga ruwa a madadin danginsa da suka mutu ba su karɓi bishara ba, mamacin kuma yana da zaɓi a can, ya karɓa ko ya ƙi. Ya ambaci Korintiyawa ta fari sura 15 aya 29, ayar da na sha wucewa ban tsaya ba.

Kakana ya mutu Bamaguje. Yana yanka baƙin zakara a gindin tsamiya farkon kowace damina, giyarsa ba ta yankewa, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi riƙon amana ba. Shi ya ɗora hannuna a kan fartanya. Ranar da aka binne shi ina ɗan shekara 12, na tambayi Baba ina Kaka ya tafi. Baba, wanda ba ya rasa aya ga kowace tambaya, ya dubi ƙasa ya ce in je in ɗebo wa baƙi ruwa. Shirun nan na yi ta ɗauke da shi har gaban bijiman nan. A daren na yagi takarda daga littafin darasi na rubuta sunan da muke kiran Kaka, na sa a cikin shuɗin littafin.

Daga nan na fara zuwa sujadarsu ran Lahadi. Ba fasto mai albashi. Bishof ɗinsu ma'aikaci ne da ke da nasa aikin a gari. Na daina shan shayi, don dokarsu ta hana shi tare da kofi da giya da taba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda karin kumallonsa ke wurin mai shayi. Na tambaye su goro fa? Suka kalli juna. Har muka rabu ban samu amsa ba.

Sai na shiga shagon intanet wata rana da yamma, na bincika tarihin cocin. Auren mata da yawa da Joseph Smith da magajinsa Brigham Young suka yi, wanda cocin ya sanar da dainawa a 1890, shi ne ke tayar wa Turawa hankali. Ni da kakana ke da mata uku ko gezau. Abin da ya sare mini gwiwa daban ne. Tun zamanin Brigham Young har zuwa Yunin 1978 ba a ba baƙar fata firistanci, ba a kuma ɗaura musu auren har abada a haikali. Ga kuma takardun Masar da Smith ya ce daga cikinsu ya fassara Littafin Ibrahim: guntayensu sun ɓulla a wani gidan tarihi na New York a 1967, masana rubutun Masar suka karanta suka ce rubutun jana'iza ne. Na fito kaina na juyawa.

Na kai maganar 1978 wurin wani tsoho a ikilisiyar. Ina jiran ya yi kame-kame, sai ya ba ni labarin Anthony Obinna, malamin makaranta da ya ga hoton haikalinsu na Salt Lake a mujalla, ya ce shi ne ginin da ya gani a mafarki, ya yi shekaru yana aika wasiƙa Amurka ana ce masa ya dakata, har aka yi masa baftisma a Nuwamban 1978. "Ɗana, mun san abin da ka karanta tun ba a haife ka ba," in ji tsohon. "Mun sani, muka jira." Wannan ba hujja ba ce, kuma har yau ina ganin cocin da ke cewa yana da annabi mai rai bai kamata ya yi sama da shekara 100 a kan wannan hanin ba. Amma na kasa raina tsohon.

Haka na zama kamar akuyar da aka ɗaure tsakanin turke biyu. Littafin Mormon ya yi alkawari a surarsa ta ƙarshe cewa wanda ya roƙa da zuciya ɗaya Ruhu Mai Tsarki zai tabbatar masa. Na durƙusa dare da yawa ban ji komai ba sai ɗigar ruwa a bokiti. Wani dare kuma ƙirjina ya yi ɗumi, na yi kuka har na gaji, na kwanta na tabbata. Gari na wayewa na tuna irin wannan ɗumin na taɓa ji a majami'armu ana waƙar Kirsimeti, kuma wani abokina Musulmi ya taɓa siffanta mini shi daga sallar dare a azumi. Ruhu ne, ko kewar gida? In na karkata ga ƙaryatawa sai in tuna shaidu uku da suka ce sun ga allunan: duka sun ɓata da Smith sun bar cocin, amma ba wanda ya janye shaidarsa har mutuwa. Sau biyu aka sa mini ranar baftisma, sau biyu na ɗaga.

Kafin ta uku na je wurin mai waya a ƙarƙashin lema na kira Baba. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Kana ganin Allah takardarka yake jira kafin ya yi wa ubana adalci?" Na ce a'a, Baba. Layin ya yi tsit har na zaci ya yanke. Can sai ya ce, a hankali, "Ka ce ruwa ake shiga a madadinsa?"

Ban je ta ukun ba. Aka sauya wa Eldoji biyun wurin aiki, hidimata ta ƙare, na hau mota zuwa gida da littafin a ƙasan akwati. Na koma shan shayina.

Bayan wata biyu ina neman wata takardar shaida na ci karo da littafin, ba a inda na ajiye ba. Takardar sunan Kaka na nan a ciki. An soke laƙabin da na rubuta da layi ɗaya, a ƙasa kuma, da rubutun Baba, ga sunan Kaka na yanka da sunan mahaifinsa, waɗanda ban taɓa ji ba. Da daddare muka ci tuwo a kwano ɗaya, ya tambaye ni ko an ce wani abu game da neman aiki.