Abin da Na Gani a Bikin Baje Koli

A hutun da ya wuce na bi kawuna zuwa wani bikin baje koli a Ikko. A wata rumfa na tarar da wani saurayi mai zaƙin baki yana nuna wani allo na lantarki. Ya ce nan da shekara biyar allon nan shi zai koyar da yara, ba sauran bukatar malami. Jama'a suka yi ta tafi. Ni kuwa gabana ya faɗi, gama saura shekara guda in fita malami. Na kwana ina tunani, ashe wahalar banza nake sha?

Da na komo makaranta sai na ce bari in bincika yadda alkawaran dā suka ƙare. Ga abin da na samu.

A shekarar 1964, a babban bikin baje koli na New York, kamfanin Bell ya nuna tarho mai hoto, watau kana magana kana ganin fuskar abokin maganarka. A 1970 aka fara sayar da shi a Pittsburgh, amma saboda tsada mutane kaɗan ne suka karɓa, har aka bari. Yau kuwa ko tsohuwata a ƙauye tana ganina a waya. Alkawari ya cika, amma bayan shekara wajen arba'in, kuma ta wata hanya dabam.

A 2010, a Las Vegas, aka cika duniya da labarin talabijin ɗin 3D, wanda sai an sa tabarau ake kallo. A 2017 Sony da LG suka daina ƙera shi.

Na uku shi ya fi shafarmu. A 2005, a Tunis, aka nuna kwamfutar yara ta dala 100, mai mariƙin da ake juyawa don ba ta wuta. Mariƙin nan a hannun Kofi Annan ya karye. Da aka fara ƙera ta a 2007, babu mariƙi, kuɗinta kuwa ya kusa dala 200. A shekarar nan aka kai wa 'yan makarantar Galadima, kusa da Abuja. Har yanzu malami ne ke tsaye gaban aji.

To, 'yan'uwana, dalili a fili yake. A rumfa wuta ba ta ɗaukewa, ƙura ba ta shiga, ba kuwa mai tambayar wa zai gyara in abu ya lalace. A aji ana gamuwa da waɗannan duka.

Ban ce mu raina sabon abu ba, gama mai tarhon nan bai yi ƙarya ba, gaggawa ya yi. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. In an kawo allon nan ajina, zan koyi aiki da shi da murna. Kafin nan, na koma ga shirin darasina, gama ranar Litinin yara suna jirana.