Ciwon da muke ce ma sanyi

Ina da wani ɗalibi a makarantarmu ta yaƙi da jahilci, mahauci ne, dattijo mai jiki. Bara da rani ya yi kwana shidda bai zo ba. Na tafi gidansa, na iske shi kwance, babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, da zafi kamar garwashi. Cikin dare abin ya tashe shi, ko zane ba ya so ya taɓa wurin. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce asiri ya taka. Ni kuwa, da ake kira malam, na ce a kirawo wanzami ya yi masa ƙaho. Jini ya zuba, ciwo na nan. Kasuwa biyu ta wuce shi, ga iyali goma.

Da muka kai shi likita, aka auna jininsa. Lokotoro ya ce ciwon gut ne. Akwai wani datti da jiki ke yi, sunansa asid urik, ƙoda ke fidda mafi yawansa cikin fitsari. In ya wuce miligiram 70 cikin litar jini, yana iya daskarewa cikin gaɓa, ya zama kamar ƙananan allurai. To, fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. In sun iske alluran sai su ɗauka abokin gaba ne, su haɗiye su, su kira ƴan'uwansu, a taru ana faɗa da abin da ba ya mutuwa. Wannan faɗan shi ne kumburin da zafin. Ashe mutumina sojojinsa ne ke ƙone masa gida!

Lokotoro ya ƙara da cewa ciwon yakan tafi tare da ƙiba, ciwon suga da hawan jini, don ƙodar irin waɗannan mutane takan riƙe dattin. Da aka duba, ɗalibina yana da hawan jini bai sani ba. Wannan ya fi ba ni tsoro bisa ga yatsan.

An ba shi maganin kumburi, da wani, allopurinol, na sha kullum ko ba ciwo. Aka ce ya sha ruwa da yawa, ya rage hanta, ƙoda, kayan ciki da lemun kwalba. Ku dubi wuyar wannan ga mahauci.

Ya komo makaranta. Takardar awon jininsa na cikin aljihunsa, da ita muka koyi lambobi ran nan. Maganar ƙaho kuwa, har yanzu in ya gan ni sai ya yi dariya.