Ruwan Jama'a, Gumin Marubuci

Jami'ar da ta ba ɗalibi lambar shiga intanet ɗinta takan haɗa masa da takardar sharuɗɗa, ko da yake ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. A jami'ar da na yi, sharuɗɗan sun tattaru a kan abu uku: kada ka ba wani lambar sirrinka, kada ka cika layin da sauke fina-finai, kada kuma ka kwafi ko ka yaɗa aikin wani ba da izininsa ba. Biyun farko ban taɓa jayayya da su ba. Na ukun shi ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, har na gama digiri ina juya shi a zuciya.

Dalilin da ya sa biyun farko suka kwanta mini, daga gida na zo da shi. Ni ɗan Jangebe ne, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin rani a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san cewa manomin da ke bakin magudana, in ya buɗe ruwa fiye da rabonsa, shinkafar na ƙarshen layi ce za ta bushe. Intanet ɗin jami'a ma haka yake. Awo ɗaya aka saya wa dubban mutane, saboda haka wanda ya kwana yana jan fina-finai, daga rabon wadda ke neman muƙala ɗaya don kundinta yake ɗiba.

Mu mutanen Zamfara mun san darajar wannan ruwa fiye da wasu. A farkon watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, watanni kaɗan bayan sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren garinmu. Makonni suka shuɗe ba kira ba saƙo. Wanda ke son aika takarda ko duba sakamakon jarrabawa sai ya yi doguwar tafiya a kan hanyar da kowa ke tsoro. Ɗalibin da ya fito daga irin wannan ƙishi, in ya samu intanet a harabar jami'a, ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan tattali ba.

Sharaɗin haƙƙin mallaka kuwa ya fi wuyar hukunci, domin mu magadan wata al'ada ce da ta ɗauki kwafi a matsayin aikin lada. Da hannu aka yaɗa littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na almajiransa. Ɗalibi zai ari littafi ya kwafe shi, wani kuma ya kwafa daga nasa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajojinta ne suka riƙa kai waƙoƙinta ga matan ƙauyuka, babu wanda ya biya kuɗin shiga. Sai dai akwai abin da masu kwafin nan ba su yi wasa da shi ba, wato sunan mai aiki. Malam Abdullahi na Gwandu har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga wurinsu. Abin da suka bar mana ke nan: ilmi a yaɗa shi, amma a faɗi daga inda aka ɗebo.

Idan aka auna da wannan ma'auni, laifin da ya fi muni a jami'o'inmu bai cika faruwa a kan layin intanet ba. Yana faruwa ne a shagunan buga takardu na bakin ƙofa, inda ake sayar da tsohon kundin digiri a canza masa suna da shekara. Yana kuma faruwa a wasu takardun darasi da ake sayar wa ɗalibai, waɗanda shafukan littafin wani ne aka yanke kan da ke ɗauke da sunansa. Na taɓa riƙe irin wannan takarda da hannu ɗaya, littafin da aka tsamo ta daga ciki da ɗaya hannun, kalma ba ta bambanta ba. Dokar da ke tsorata ɗalibi ta kau da kai daga wannan, tufka ce da warwara.

Bayan suna akwai gumi. Marubuciyar da ke zaune a Gusau ko Kano tana sayar da labarinta ta WhatsApp, da kuɗin take sayen magani da biyan kuɗin makarantar yara. Mai karatu ɗaya ya saya ya watsa a zaure goma, ya kashe mata kasuwa cikin dare ɗaya. Haka satar fasaha ta durƙusar da cinikin faifai a Kannywood. Wanda ya ce ilmi na kowa ne don ya halasta wa kansa wannan, ya je ya faɗa wa mai shinkafa cewa abinci ma na kowa ne.

Amma ba duk mai haƙƙi ne wannan marubuciya ba. Manyan kamfanonin mujallun kimiyya na Turai da Amurka kan nemi dala 30 ko fiye a kan muƙala ɗaya, kuma malamin da ya yi binciken ba ya samun ko kwabo daga ciki. Wani lokaci binciken ma a kan ƙasarmu aka yi shi, kamar gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. A Amurka, Aaron Swartz ya yi amfani da layin jami'ar MIT ya sauke miliyoyin muƙalu daga rumbun JSTOR. Aka kama shi a 2011, aka tuhume shi da laifuffukan da za su iya kai shi kurkuku na shekaru da dama, ya kashe kansa a Janairun 2013 yana da shekara 26, kusan sa'ana a yau. A Indiya kuwa, kamfanonin ɗab'i na Oxford da Cambridge sun kai ƙarar wani shagon hoton takardu da ke harabar Jami'ar Delhi, amma a 2016 babbar kotun birnin ta ce haɗa wa ɗalibai shafukan darasi domin koyarwa bai saɓa wa doka ba. Buƙata iri ɗaya, ƙarshe daban-daban.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, amma ta bar sarari ga amfani na adalci domin bincike da nazari da koyarwa. Akwai kuma shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na fannin noma, waɗanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dubban mujallu kyauta ko da rahusa. Takardar sharuɗɗan da aka ba mu ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta jera abin da aka hana, ta yi shiru a kan abin da aka halasta. Ɗalibin da aka ce ya kawo madogara hamsin, aka nuna masa katanga ba a nuna masa ƙofa ba, me ake tsammanin zai yi?

Roƙona ga hukumomin jami'o'i shi ne, kowane "kada" a takardar nan a haɗa shi da "ga inda za ka samu". A sabunta rajistar rumbunan mujallu kafin ta ƙare, a koya wa sabon ɗalibi amfani da su tun makon farko, a ajiye kundayen digiri a rumbu buɗaɗɗe da sunayen masu su, yadda mai sata zai ji kunyar a gane shi. Hukuncin kuma ya hau kan malami kamar yadda yake hawa kan ɗalibi. Mu ɗalibai namu shi ne mu biya marubucin da ke ci daga alƙalaminsa, mu kuma ambaci sunan duk wanda muka sha daga rijiyarsa. Ɗan manomin da ya sayar da buhun gero ya turo shi karatu ya fi kowa sanin zafin a girbe wa mutum gona da dare.